Kafin a ɗora gonakin Anka da Gummi a kan intanet, wa zai riƙe makullin?

Duk mai bibiyar maganganun da ake yi kan noma a Arewa a 'yan shekarun nan ya san akwai wata shawara da ba ta barin bakin masu jawabi. Shawarar ita ce, tunda daji ya gagari manomi, a dawo da gona kusa da gari. A kafa rumfunan leda, waɗanda 'yan boko ke kira girinhawus, a ja musu ruwa da sola, a sa na'urorin auna zafi da danshi, mutum yana zaune a zaurensa yana ba tumatirinsa ruwa da wayar hannu.

Ga mutumin Anka ko Bukkuyum ko Gummi, wannan magana tana da daɗin ji, kuma akwai dalili. Manoman yankin sun shafe shekaru suna biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi shuka, su sake biya kafin su girbe. A farkon Janairun 2022 an kai hare-hare ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mazauna suka ce mutum kusan 200 aka kashe, gwamnati ta ce 58. Ko wanne adadi mutum ya ɗauka, gonakin da ke nesa da gari sun zama wurin sayar da rai. Saboda haka idan aka ce wa manomi ga dabarar da zai samu amfani mai yawa a ɗan fili cikin shinge, a bayan gari, rani da damina, ba zai ƙi saurare ba.

Ni ma ina goyon bayan a gwada. Abin da nake so a tattauna tun yanzu, kafin a fara rabon kwangila, shi ne wani ɓangare da masu tallar kayan ba su cika ambata ba. Duk na'urar da za ka iya ba umarni daga nesa, wani ma zai iya ba ta umarni daga nesa. Kuma duk na'urar da ke aika bayanin gonarka zuwa wayarka, ta wani wuri bayanin yake bi kafin ya iso.

Wani zai ce ai wannan hasashe ne, ina rumfunan suke a Bukkuyum? Gaskiya ne har yanzu irin manyan rumfunan nan masu sarrafa kansu sun fi yawa a kewayen Legas da Abuja da Jos, sai irin gidan rainon dashen tumatir da kamfanin Dangote ya kafa a Kadawa ta jihar Kano. Amma abin ba da rumfa yake fara shigowa ba. Yana shigowa ne da kaɗan-kaɗan. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu noman rani suka fara neman injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, kuma da yawa daga irin waɗanda ake bayarwa bashi suna zuwa da layin waya a cikinsu. Kamfanin Hello Tractor, wanda a Najeriya ya fara aiki, yana maƙala wa tarakta na'urar da ke nuna inda take da aikin da ta yi. Kyamarorin tsaro masu sola da sim sun cika kasuwa. Rajistar manoma ta waya kuwa tun zamanin rabon taki na 2012 muka saba da ita. Rumfar ledar ita ce kawai za ta tattara waɗannan duka wuri guda.

Yadda rumfar take mutuwa

Ya kamata a fahimci bambancin gonar fili da gonar rumfa. Gero a fili yana da haƙuri. Idan ruwa ya yi jinkirin mako guda, zai lanƙwashe ya jira. Shukar da ke cikin rumfa ba ta da wannan haƙurin, domin an raba ta da ƙasa da iska da ruwan sama, an mayar da rayuwarta hannun inji.

A watan Maris da Afrilu zafin yammacin Zamfara yana haura digiri 40 a inuwa. Rumfar leda kuwa tarkon zafi ce. Idan fankokin da ke fitar da iska suka tsaya, ko tagogin suka ƙi buɗewa da tsakar rana, zafin ciki zai wuce na waje da nisa cikin ɗan lokaci. Tumatir yana fara zubar da fure tun zafi bai kai haka ba. Idan kuma irin noman nan ne da ba a amfani da ƙasa, inda saiwa ke kwance cikin ruwan da ke gudana a bututu, tsayuwar famfo ta 'yan sa'o'i ta isa ta busar da saiwar. Haka taki: a irin wannan tsari cikin ruwa ake narka shi, na'ura ce ke auna yawan da za a zuba. A canza lamba ɗaya, gishirin takin ya yi yawa, ya ƙone saiwa, mai gona ba zai gane ba sai ganye ya fara yaushi.

Wato wanda ke son ya cuce ka ba ya buƙatar ashana ko adda. Ya isa ya kashe fanka daga sha biyu zuwa la'asar.

Ba tatsuniya ba ce. A watan Afrilun 2023 masu kutse sun taɓa na'urorin sarrafa ban-ruwa a wasu gonaki a Isra'ila, ruwa ya tsaya, manoma suka koma buɗe bawul da hannu. A watan Nuwamban shekarar, wata ƙungiya mai kiran kanta CyberAv3ngers ta shiga na'urar wata tashar ruwa a garin Aliquippa na jihar Pennsylvania a Amurka. Na'urar ta kamfanin Unitronics ce, irin wadda ake amfani da ita a tashoshin ruwa da masana'antu da gonaki. Hukumar tsaron intanet ta Amurka ta fito ta gargaɗi masu irin na'urar da su canza lambar sirrin da take zuwa da ita daga kamfani. Lambar ita ce 1111. Ba da jimawa ba bayan haka aka yi irin wannan kutse a wani ƙauye a yammacin Ireland, gidaje sama da ɗari suka kwana biyu babu ruwa.

Abin lura a nan, mutanen Aliquippa ba su yi rigima da kowa ba. Masu kutsen na'urar da aka ƙera a Isra'ila suke farauta a duk inda take a duniya. Akwai shafuka irin su Shodan da aikinsu shi ne lissafa na'urorin da ke buɗe a intanet, mutum ya bincika kamar yadda ake neman bidiyo a YouTube. Saboda haka tambayar nan ta "wa zai damu da gonata a Gummi?" ba ta da ƙarfi. Ba sai an san ka ba.

Akwai kuma labarin wani makiyayi a Switzerland da jaridu suka ba da a 2024. Masu kutse sun kulle kwamfutar da ke tattara bayanan injin tatsar nononsa, suka nemi kuɗin fansa. Injin ya ci gaba da tatsa, amma bayanan lafiyar shanun suka daina zuwa masa. Kafin ya lura wata saniya mai ciki tana cikin matsala, lokaci ya ƙure, ya rasa ta da ɗan cikinta. Wannan labarin ya fi tsaya mini a rai fiye da na manyan kamfanoni irin su JBS mai sarrafa nama, wanda ya biya fansar dala miliyan 11 a 2021. Mutumin ya saba na'ura ce ke gaya masa halin da dabbarsa take ciki, har idonsa ya daina yin aikin da idon kakansa yake yi.

Darasin Satumban 2021

Duk da haka, idan aka tambaye ni babbar barazana ga gona mai haɗe da intanet a Zamfara, ba zan fara da 'yan dandatsan ƙetare ba. Zan fara da abin da kowa a jihar ya gani da idonsa.

A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin sojoji su samu damar aiki. An ce mako biyu za a yi da farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane sun riƙa shiga mota zuwa Funtuwa ko Sakkwato don kawai su kira 'yan'uwa ko su tura kuɗi. A lokaci guda an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da mai a jarka.

Yanzu a ɗauka a wancan lokacin akwai rumfuna hamsin a bayan garin Anka, kowace tana karɓar umarnin ban-ruwa daga wata kwamfuta da ke Legas ko Turai ko Chaina. Satumba zuwa Nuwamba lokaci ne na rainon iri da shirin noman rani. Me zai faru da su? Wasu na'urorin an ƙera su yadda za su ci gaba da bin jadawalin da aka ba su na ƙarshe. Wasu kuwa da zarar sun daina jin uwar ɗakinsu, sai su tsaya cak. Manomi ba zai san wacce ya saya ba sai ranar da sabis ya ɗauke.

Ba na cewa rufe layin kuskure ne ko daidai ne, wannan muhawara ce ta daban. Abin da nake cewa shi ne an taɓa yi, an yi a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna ma, kuma babu wanda zai rantse ba za a sake ba. Ko ba umarnin gwamnati, akwai turakun sabis da ke mutuwa saboda ba a iya kai musu man dizal, akwai waɗanda aka lalata. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna a Najeriya suka shiga ruɗani. Duk wanda zai sayar wa Bazamfare na'urar da ba ta aiki sai da sabis, to ya sayar masa da rabin na'ura.

Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa, shi ne layin da ke cikin injin. Da sunan wa aka yi masa rajista? Sau da yawa yaron da ya zo haɗa kayan ne ke sa layin da ya samu a hannu. A 2024 an rufe layuka masu yawa saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba. Layin da ke cikin akwatin famfo ba ya ƙorafi, ba ya zuwa ofishin kamfani ya bi layi. Shiru kawai zai yi, kuma wanda zai iya farfaɗo da shi wataƙila ya koma Kaduna tun bara.

Makulli a hannun mai kaya

A 2022, bayan sojojin Rasha sun kama birnin Melitopol na Ukraine, an kwashe taraktoci da injunan girbi na John Deere daga wajen wani dillali, kayan kusan dala miliyan 5, aka kai wasu har Chechnya. Da aka je tayar da su suka ƙi tashi, domin an kulle su daga nesa. Duniya ta yi dariya, ɓarawo ya yi asara. Amma manoma da yawa ba su yi dariya ba, domin sun gane abin da labarin ke nufi: taraktar da ka saya da kuɗinka, akwai wani a wani ofis da zai iya kashe ta.

Wannan dabara ita ce ginshiƙin sayar da kayan sola bashi a Afirka. Ka biya kaɗan-kaɗan ta waya, idan ka yi jinkiri akwatin ya kulle kansa. Ba zan kushe tsarin gaba ɗaya ba, domin shi ya ba talakawa da yawa damar mallakar abin da ba za su iya saya lokaci guda ba, kuma mai ba da bashi yana da haƙƙin kare dukiyarsa. Sai dai fitilar ɗaki daban, famfon gona daban. Idan fitila ta mutu kwana uku, za a kunna tocila. Idan famfo ya mutu kwana uku a watan Maris, albasa ta tafi, kuma da ita za a biya bashin. Manomin da aka sace ɗansa ya tattara duk abin da yake da shi ya kai daji, ranar biyan kamfani ta zo ta wuce, kwamfuta ba ta san uzuri ba.

Sannan kamfani yana mutuwa. AeroFarms da AppHarvest, manyan kamfanonin noman cikin gida a Amurka da aka zuba wa ɗaruruwan miliyoyin daloli, duk sun shiga kotun fatarar kuɗi a 2023. A 2022 kamfanin Insteon mai na'urorin gida ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki. Idan haka ta faru da masu wannan ƙarfi, ina ga ɗan ƙaramin kamfanin da ya ci kwangilar shekara biyu a wani shirin tallafi?

Mu a Zamfara ba ma buƙatar misalin Amurka. Bakolori tana nan. Da aka kammala madatsar a 1978, an tsara babban ɓangaren filin ban-ruwan da injunan feshi masu dogaro da lantarki da kayan gyaran ƙetare. Wannan ɓangaren ne ya fara durƙushewa. Ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa ta magudana shi ya ci gaba da ciyar da mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Injiniyoyin da suka zana feshin ba jahilai ba ne. Sun dai zana shi ne don ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa.

Bayanin gona a hannun infoma

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, wanda kuma littattafan Turawa kan wannan batu ba za su faɗa mana ba, domin ba su da irin matsalarmu.

A Holland, idan bayanan rumfar manomi suka fita, abin da zai yi asara shi ne sirrin sana'a. A Bukkuyum, bayanin gona bayanin tsaro ne. Kowa a yankin ya san 'yan bindiga ba duba suke yi ba, labari ake kai musu: wane ya sayar da shanu, wane ya karɓi kuɗin waken suya, wane zai je gona gobe da asuba. Da ɗan gari akan ci gari. Gwamnatocin jihar, na da da na yanzu, duk sun sha kokawa kan masu kai rahoto.

To, a duba abin da manhajar gona take tattarawa. Sunan manomi da lambar wayarsa. Taswirar gonar daidai wurin da take. Girmanta, abin da aka shuka, ranar da ake sa ran girbi. Lokacin da ake kunna famfo, wanda ke nuna lokacin da mutum yake wurin. Idan akwai kyamara, har fuskokin masu aiki da ƙofar da suke shiga. Idan shirin na bashi ne, akwai adadin da aka ba kowa da ranar da kuɗi ke shiga asusunsa. Aikin da infoma zai yi wata guda yana yi a kasuwa da majalisa, ga shi an tsara shi a jeri, na mutum ɗari biyar, cikin fayil guda.

Kuma ba sai an yi wani kutse mai wahala ba. Irin waɗannan jerin sunaye a WhatsApp ake tura su, daga jami'in shiri zuwa shugaban ƙungiya, daga shi zuwa sakatare, daga nan zuwa shagon da za a buga a takarda. Wayar da ke riƙe da makullin rumfar ita ce dai wadda ake bari a wajen mai caji tun safe har azahar, ita ake miƙa wa mai POS a gaya masa lambar sirri don ya taimaka, ita yara ke kallon fim da ita da dare. Idan aka tare mutum a hanya, wayar ce abu na farko da ake karɓa. Ƙananan akwatunan nan da ake kunna famfo da su ta hanyar saƙon tes, da yawansu lambar sirrinsu daga kamfani 1234 ce, kuma mai haɗawa ba ya canzawa don kada ya manta. Duk wanda ya san lambar layin zai iya kunnawa ya kashe. Ba sai ɗan bindiga ba, ko abokin gaba a rikicin iyakar gona ya isa.

Mutanen da suka saba karɓar haraji kafin a girbe, ranar da suka gane ana iya riƙe ruwan gona daga nesa, ba sai an koya musu abin da za su yi da wannan ilimi ba. Hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a 2022 cewa masu kutsen neman fansa suna iya auna ƙungiyoyin manoma daidai lokacin shuka da girbi, saboda a lokacin ne mutum ba ya iya jira. Wannan lissafi 'yan bindigar dajinmu sun riga FBI saninsa.

Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ce a sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Doka ce mai kyau. Amma manomin Gwashi ko Bagega bai san da ita ba, kuma wanda ya karɓi sunansa da hoton gonarsa bai gaya masa inda za a ajiye su ba.

Na san za a ce ana maganar rai kana maganar lambar sirri. Mutanen da ambaliya ta rushe wa gidaje a Gummi a daminar 2024, waɗanda suka rasa 'yan'uwa a kifewar kwalekwale a hanyar gona a shekarar, wa zai tsaya yi musu lacca kan kutsen intanet? Ƙorafin yana da hujja. Amsata ita ce, maganar ba ta manomi ba ce tukuna, ta masu sa hannu a takarda ce. Kuma a wannan matakin gyaran kusan kyauta ne. Jimla biyu a cikin takardar kwangila ba ta cin ko sisi. Bayan an kafa kaya an biya ɗan kwangila, gyaran ya zama sabuwar kwangila.

Mutanen Anka da Bukkuyum sun san farashin abin da ya shigo gida ba tare da an yi bayanin haɗarinsa ba. A 2010 injunan niƙa da aka saba da su aka mayar na niƙa dutsen zinare a tsakar gida, ƙurar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe fiye da shekara goma tana jinya. Ba na kwatanta girman musibar da abin da muke magana a kai, Allah Ya kiyaye. Abin da ya haɗa su kawai shi ne, riba kowa ya gan ta tun ranar farko, haɗarin kuwa sai da aka kira masana daga nesa bayan ya auku.

Abin da za a rubuta a takarda

Idan gwamnatin Dauda Lawal, ko shirin ACReSAL na Bankin Duniya, ko wata ƙungiyar agaji za ta kawo irin waɗannan kaya yammacin Zamfara, sharaɗi na farko shi ne kowane famfo da fanka da taga su kasance da makunnin hannu, wanda manomi zai iya juyawa ba tare da waya ba, ba tare da izinin kowa ba. Abin da ya ceci Aliquippa ke nan: ma'aikata sun kashe na'urar suka koma aiki da hannu, ruwa bai yanke wa gari ba. Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa rumfar ta zauna a cikin rumfar, intanet ya zama na leƙe da ba da rahoto kawai. A sa wa na'urar iyakar da ba a canzawa daga nesa, ta yadda ko wa ya aiko da umarni ba za ta zuba taki fiye da ƙima ba, ba za ta rufe iska da rana tsaka ba.

Game da kulle kaya saboda bashi, a rubuta wa'adi a fili, da Hausa, a karanta wa manomi a gaban shaidu. Kada a kulle famfo ana tsakiyar kakar noma. A bar shi ya girbe, sannan a yi lissafi. Idan an gama biya, a cire makullin gaba ɗaya, a ba shi shaida. Idan kamfanin ya rufe, kayan su ci gaba da aiki.

Bayanai kuwa, mafi aminci shi ne wanda ba a karɓa ba. Shirin rabon injin ban-ruwa ba ya buƙatar sanin ranar da mutum zai sayar da amfaninsa. Taswirar gona da sunan mai ita da adadin bashinsa kada su zauna a fayil guda da ke yawo a waya. Wanda duk ya buɗe jerin, a san shi ne ya buɗe. Jami'in da ya bar aiki a rufe ƙofarsa a ranar. Layin da ke cikin inji a yi masa rajista da sunan mai gona ko ƙungiyarsu, kuma lambar sirri manomi ne zai sa ta da hannunsa ranar da aka miƙa masa kaya, mai haɗawa ya juya baya.

Sai batun masu gyara, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi. Garuruwan nan cike suke da matasan da ke kwance waya su mayar, suna haɗa sola, suna gyaran injin ban-ruwa a bakin kasuwa. Akwai kwalejin aikin gona a Bakura, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, akwai jami'ar tarayya a Gusau. Kwas na 'yan makonni ya isa a koya wa waɗannan matasa yadda ake canza lambar sirri, da sabunta manhajar na'ura, da raba rumfa da intanet idan an ga alamar matsala. Injiniyan da zai taso daga Abuja sai ya nemi rakiyar jami'an tsaro kafin ya bi hanyar Anka, tumatir kuwa ba zai jira a sa hannu a takardar rakiya ba.

Akwai gwaji guda da nake ba duk wani kwamishina ko shugaban ƙungiyar manoma shawarar ya sa a cikin yarjejeniya. Ranar da ɗan kwangila ya ce ya gama, a cire layin wayar daga akwatin a gaban kowa, a sa shi a aljihun shugaban ƙungiya. A bar rumfar mako biyu a hannun manoman da za su gaje ta, a watan zafi, babu sabis, babu kiran kamfani. Idan shukar ta kai ƙarshen mako na biyu a tsaye, a biya shi cikon kuɗinsa.